Bayanin Hanyoyin Birnin Kano da Ƙauyukan da ke Kewaye da Shi

Bismillahi. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, wannan takarda ce da na tattara a kan hanyoyin birnin Kano da ƙofofinsa da unguwanninsa da ƙauyukan da ke jingine da shi. Abin da ya sa ni yin ta shi ne, ɗalibi yana karanta babin sallar matafiyi da babin Juma'a, ya ji an ce gari, an ce ƙauye, an ce ƙarshen gidaje, ya hardace lafazi, amma in ka tambaye shi ina ƙarshen garin da yake zaune a ciki sai ya yi shiru. Hukunci kuwa ba ya sauka a kan iska, a kan wuri yake sauka. Shekarun da zan ambata duka lissafin Miladiyya ne, sai inda na bayyana.

Fasali a kan sunaye

Ka sani, ya kai ɗalibi, asalin kalmar birni ita ce garun da aka kewaye gari da shi, sa'an nan aka kira garin kansa birni. Ganuwa ita ce tudun ƙasar nan tare da ramin da ke bayansa. Badala ita ce dakalin da ke jikin garu ta ciki, inda masu baka suke tsayawa. Gari shi ne wanda yake da kasuwa da masallaci da mai sarauta. Ƙauye bai kai gari ba. Unguwa kuwa tana da ma'ana biyu: a cikin birni yanki ce ta gidaje, a karkara kuma 'yan gidaje ne a tsakiyar gonaki. Zango masaukin fatake ne, ruga ta makiyaya ce, rinji mazaunin bayi ne a gona a zamanin da, gandu babbar gona ce ta sarki ko ta mai gida, kufai kuwa wurin da aka tashi aka bari.

Hanya ma iri-iri ce. Gwadabe ita ce babbar hanya mai faɗi wadda ayari yake bi. Turba ta ƙafa ce. Burtali shi ne wanda aka yi wa shinge dama da hagu a tsakanin gonaki domin kada shanu su yi ɓarna. Lungu shi ne matsattsen da ke tsakanin gidaje. Amma titi da kwalta baƙin kalmomi ne, ba su shigo bakin mutane ba sai bayan zuwan Nasara da motocinsu.

Fasali a kan shimfiɗar ƙasa

Birnin Kano yana kan fili ne, sai duwatsu biyu, Dala da Gwauron Dutse. Dala shi ne tushen garin. An sami kufan narkar da tama a gindinsa, masu bincike suka ƙaddara shekarunsa suka kai shi ƙarni na 7. Masu tarihi suna cewa maƙera ne daga Gaya suka zo neman tama suka zauna, su ne Abagayawa. Kusa da duwatsun akwai fadama mai ruwa da itatuwa, ita ce Jakara, tana ratsa gari ta fita ta fuskar gabas, ta tafi har ta zuba a dam ɗin Wasai. Daga kudu kuma, nesa da garu, kogin Calawa da kogin Kano suna haɗuwa wajen Tamburawa su nufi Wudil da Haɗeja. To, ƙarfe da ruwa da ƙasar noma da dutsen da za a hau a hango maƙiyi, su ne suka tara mutane a nan.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Bagauda bai zauna a Dala ba, a Sheme ya zauna, kuma ana lissafa farkon sarautarsa daga 999. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara garu, ɗansa Tsaraki ya cika shi. Wannan garu na farko Dala ya kewaye, ƙofofinsa 8. Sa'an nan Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya ja garu zuwa gabas da kudu, ya gina gidan sarauta a sabon fili, shi ne Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi a bakin Jakara. Sa'an nan a zamanin Muhammadu Nazaki, 1618 zuwa 1623, Wambai Giwa ya ƙara garu ta yamma da kudu, ta Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga har ya haɗe da Kansakali.

Kada ka zaci cikin garun nan duka gidaje ne. Bature Kilafatan ya shigo a 1824, ya ce kewayen garu kamar mil 15 ne, ƙofofi 15, kuma gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin ba. Sauran gonaki ne da makiyaya da tafkuna. Da gangan aka yi haka, domin in yaƙi ya zo mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu, a yi noma a cikin garu, yunwa ba ta ci gari ba. Garun ba na 'yan birni kaɗai ba ne, da mutanen karkara aka gina shi, kuma a da su ake kira gyaransa bayan damina, kowane yanki da rabonsa.

Fasali a kan ƙofofi da yadda hanya take tafiya

Ga ƙa'ida, ka riƙe ta: kowace babbar hanya a cikin tsohon birni daga ƙofa take tasowa, ta nufi ɗayan wuri biyu, ko Kurmi ko ƙofar fada. Kowace ƙofa kuma tana duban wata ƙasa. Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai suna duban gabas, wajen Fage da hanyar Haɗeja da Barno. Mazugal da Ƙofar Ruwa da Dawanau da Waika suna duban arewa, wajen Daura da Katsina da Azbin. Kansakali da Kabuga suna duban yamma, wajen Gwarzo da hanyar Sakkwato. Dukawuya da Gadon Ƙaya da Na'isa da Ɗan'agundi da Nasarawa suna duban kudu, wajen Zazzau da Nufe da hanyar Gwanja. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo na baya ne, a zamanin Nasara aka huda su. Kowace ƙofa tana da sarkinta, a da shi ne yake rufewa da faɗuwar rana, yake buɗewa da asuba. Ƙyamarenta na katako ne da aka lulluɓe da ƙarfe, wasu daga cikinsu suna ajiye a Gidan Makama.

Ta Kabuga mayaƙan Ingila suka shiga ranar 3 ga Fabrairu 1903, daidai da watan Zulƙida na 1320 ta Hijira, bayan sun fasa Bebeji a hanya, Sarki Alu kuwa yana Sakkwato.

Amma lunguna ba su da wannan ƙa'ida, kuma baƙo yakan ce an yi su ne ba bisa hankali ba. Ba haka ba ne. Gida ake fara ginawa, hanya ta biyo baya. Mutum ya sami fili ya kewaye, ɗansa ya yi aure a yanka masa gefe, baƙonsa ya daɗe a ba shi wani gefen, hanya kuwa ta yi ta kewaya katanga. Ƙasar ginin kuma daga nan kusa ake haƙo ta, a kwaɓa a yi tubali, ramin da aka bari ya zama kududdufi, hanya ta sake karkacewa domin ta kauce masa. Faɗin lungu gwargwadon jaki da mangalarsa ne, ko makara da masu ɗaukarta. Zaure ne kaɗai yake duban hanya, ba taga, domin sutura. Malaman fiƙihu sun ce in an yi jayayya a kan faɗin sabuwar hanya a sanya ta zira'i 7, kuma ba ya halatta mutum ya ci wani abu daga hanyar jama'a wanda zai cuci masu wucewa. Wannan ya shafi mai dakali da mai rumfa da mai juye yashi a ƙofar gida.

Kududdufi kuwa mutane sun raina shi saboda sauro da wari, alhali shi ne tulun gari. Ruwan indararo yana sauka a lungu, lungu ya kai shi kududdufi, in ya cika ya tumbatsa zuwa Jakara. Da aka yi ta cike su da shara ana gini a kai, ruwa bai fasa zuwa inda ya saba ba, sai dai yanzu ɗakin mutum yake tararwa a wurin. A ganina wanda ya sayi filin kududdufi ya gina, ya tura ruwa gidan maƙwabcinsa, ba ya kuɓuta da cewa ai da takarda ya saya.

Fasali a kan unguwanni

Nan zan daɗe, domin sunan unguwa shaida ne wanda ba ya mutuwa da mutuwar masu shi. Unguwannin birni sunayensu daga abu huɗu suke: ko mutanen da suka zo, ko sana'a, ko sarauta, ko wata alama ta ƙasa.

Na farko su ne mafi yawan fa'ida ga ɗalibi. Wangarawa sun zo daga Mali da malaminsu Abdurrahman Zaite. Littafin sarakuna ya sa zuwansu a zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, littafin asalin Wangarawa kuma ya sa shi a zamanin Rumfa. Ko wanne ka ɗauka, sunayen jama'arsa suna nan a ƙasa: Zaitawa, da Mandawari, da Sheshe, da Jujin 'Yan Labu. Madabo kuma ita ce tsohuwar makarantarsu, daga nan karatun fiƙihun Malikiyya ya yaɗu a gari. Sharifai mazaunin zuriyar Sidi Fari ne, wanda Shaihu Magili ya bari a Kano bayan zuwansa wajen Rumfa kusa da 1492. Kabara sunan Malam Umaru Kabara ta ɗauka, Kabara kuwa mashigin jiragen ruwa ce ta Tambutu a bakin Kwara. Dubi nisan da suna ya yi tafiya. Zangon Barebari na mutanen Barno ne, Tudun Nufawa na Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Agadasawa ta mutanen Agadas, Daurawa ta mutanen Daura.

Akwai wadda take ruɗin yara, ita ce Dandalin Turawa. Ba Nasara ake nufi ba. A da Larabawan Gadamus da Tarabulus ake kira Turawa, su ne suka zauna kusa da Dala da kasuwa, daga baya sunan ya koma kan mutanen Turai. Alfindiki ma Larabci ce, ma'anarta masaukin fatake, haka Alƙantara, ma'anarta gada.

Bayan jihadi, da aka kori Sarki Alwali aka naɗa Sulaimanu, sa'an nan Ibrahim Dabo daga 1819 zuwa 1846, gidajen Fulani masu tuta suka zauna galibi kudu da Jakara, kusa da fada. Daga nan ka sami Yola da Daneji da makamantansu. Attajirai da masu sana'a suka fi yawa a arewa da ita. Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka a Dala a 1851, ya ga wannan rabuwa ya rubuta ta, ya kuma ƙaddara mazauna gari 30,000, suna ninkawa lokacin zuwan ayari.

Na sana'a kamar Soron Ɗinki da Dukawa da Lokon Maƙera. Karofin Ƙofar Mata kuwa masu ita suna kai asalinta 1498. Na sarauta kamar Galadanci da Tudun Wazirci. Na alama kamar Bakin Ruwa da Rimin Kira da Durumin Iya da Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Itacen yakan faɗi, suna ya tsaya.

Fasali a kan waje

Abin da ke bayan garu ana ce masa Waje. Mafi tsufansa Fage, a da masaukin Buzaye da raƙumansu masu kawo gishiri da kanwa. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai nauyin ciniki ya fara barin Kurmi yana komawa gabas wajen tasha, inda ake tara gyaɗa. Aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikatan da suka zo daga kudu, Nasara suka zauna Nasarawa da Bompai, Kwarori suka kafa kantuna a inda ake kira Kantin Kwari. Hanyoyin waɗannan wurare da igiya aka auna su tun ba a yi gini ba, don haka suka miƙe. Sunayensu kuma ba na mazauna ba ne, hukuma ce take raɗawa, in ta so ta canja. Wannan shi ne bambancin titi da lungu.

Fasali a kan ƙauyuka

Ƙauyen Kano ba daji ba ne. A da in ka fita kowace ƙofa ka yi tafiyar yini, ba ka fita daga gona ba, ba ka daina ganin gawo da ɗorawa da kuka da rimi a tsakiyar shuka ba, kuma gonar nan kowace shekara ake noma ta, ba a barin ta ta huta. Sirrin abin jaki ne. A wancan zamani da rani baƙauye yana shigo da itace da kara da hatsi, in zai koma ya cika mangala da takin birni, toka da kashin awaki da sharar gida, ya kai gonarsa. Birni yana ci daga ƙauye, gonar ƙauye tana ci daga jujin birni. Iyakar inda jaki yake iya zuwa ya komo a yini guda, nan gidaje suka fi cunkushewa.

Kafuwar ƙauyukan ba iri ɗaya ba ce. Akwai waɗanda suka girmi sarautar birni ko suka yi kafaɗa da ita, kamar Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse, masu sarakunansu. Santolo ma tana cikinsu, ta yi ta ja da Kano har Yaji ya ci ta, yau dutse ne da kufai a ƙasar Dawakin Kudu. Akwai na baƙo mai daraja, kamar Ɗorayi, inda aka saukar da Dagaci, basaraken da ya zo daga Barno a zamanin Dauda, 1421 zuwa 1438. Akwai na ribaɗi, kamar Fanisau, wadda Dabo ya ƙarfafa domin tare Ɗan Tunku daga arewa, da Takai ta fuskar Ningi. Takai ɗin nan ce Yusufawa suka yi sansani a cikinta lokacin basasa, 1893 zuwa 1895. Al'adar hawan Ɗorayi da hawan Fanisau bayan salla daga irin wannan alaƙa take, sarki yana da gida da gandu a can.

Akwai kuma na sana'a da fatauci. Kura ta shahara da rini da bugu, baƙin turkuɗinta mai ƙyalli shi ne Buzaye suke naɗawa har cikin Sahara. Minjibir da kewayenta masaƙa ne. Bebeji da Madobi a da zangon fataken goro ne a hanyar Gwanja, kuma a Bebeji aka haifi Alhasan Ɗantata a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Da yawa daga tufafin da aka sani da sunan Kano a kasuwannin Agadas da Tambutu da Barno a ƙauye aka kaɗa zarensu, a ƙauye aka saƙa, birni dillali ne.

Tsarin mulkinsu: mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin sarki. A da hakimai a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ne suke kai da komo. Wajen 1908 Nasara suka haɗa garuruwa gunduma-gunduma, suka fitar da hakimai su zauna a cikinsu. Daga nan wasu ƙauyuka suka girma saboda hakimi ya sauka a cikinsu, wasu tsofaffi suka koma baya saboda an tsallake su, haka kuma titin mota ya yi wa waɗanda bai bi ta kansu ba.

Mas'ala

Yanzu mu komo ga abin da ya sa aka yi takarda. A mazhabar Malik, matafiyi yana ƙasaru in tafiyarsa ta kai buridi 4, wato mil 48, malaman wannan zamani suna ƙaddara shi da kilomita 80 ko sama da haka kaɗan. Ba ya fara ƙasaru sai ya wuce gidajen garinsa da lambunan da ake zaune a cikinsu masu haɗe da garin. Juma'a kuma tana wajaba a kan mazaunin gari ko da ya yi nisa da masallaci, da wanda yake wajen gari in bai wuce mil 3 daga hasumiya ba.

A zamanin da, wannan ba ya da wuya a Kano: garu ne iyaka, masallacin Juma'a ɗaya ne, na kusa da fada, wanda aka sake gininsa aka gama a 1951 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Na biyu a Fage aka yi shi, a zamanin Sarki Ado Bayero, bayansa suka yawaita. Amma tun da Kano ta zama babban birnin jiha a 1967 gini bai tsaya ba. Ɗorayi da Sharaɗa da Sheka da Gyaɗi-gyaɗi da Tarauni da Hotoro da Giginyu da Kawaji da Dakata da Kurna da Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki, dukansu ƙauyuka ne ko gonaki a da, yau gini ya haɗe su da birni, ba fili a tsakani. Garun kansa ya zaizaye, an ɗebe ƙasarsa, an yi gini a kan wani sashe, ko da yake an sa shi a jerin wuraren da ake neman UNESCO ta karɓa tun 2007. Tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 aka rushe ta domin faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta.

To, abin da nake gani shi ne, illar hukuncin ba garu ba ce, haɗuwar gini ce. Wanda ya tashi daga Madabo zai tafi Zariya ba ya fara ƙasaru don ya fita Ƙofar Nasarawa, sai ya wuce Na'ibawa da abin da ya haɗe da ita, har gidaje su yanke ya ga gona. Wanda zai tafi Katsina ba ya farawa a Ƙofar Ruwa, sai gini ya yanke masa a bayan Dawanau. Haka in ya komo, yana cika salla da isowarsa inda ya fara ƙasaru. Mazaunin Hotoro ko Ɗorayi kuwa hukuncinsa na ɗan gari ne, ba a auna masa mil 3, ko da kakansa baƙauye ake kiransa. Amma mai zuwa Wudil ko Kura ko Bichi, wannan ba ya ƙasaru ko kaɗan, domin tafiyarsa ba ta kai buridi 4 ba. Kuma tun da gini yana tafiya kowace shekara, iyakar da malami ya faɗa wa ɗalibansa shekara 20 da suka wuce ba a fatawa da ita yau sai an je an duba.

Tammat.